SASSAƘA 'YA'YAN DARA DA INJIN JUYI: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Kura da Bunkure, don su karanta su fahimta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwanni da sarakunan sana'a. Abin da ta ƙunsa shi ne bayanin sassaƙa da injin da ke juya itace, wanda za mu riƙa kira injin juyi. Mun yi misali da 'ya'yan wata dara da ake ce wa shaɗaranji. Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan hakimi da kayan wasa? To, a yi haƙuri a kai ƙarshe, za a ga maganar ta shafi itatuwan ƙasa da abincin talakawa.

1. DALILIN WANNAN DARASI

Kura ta daɗe da yin suna wajen rini da bugu, har rawani ɗan Kura ya kai ƙasar Azbin. Bugu kuwa ba ya yiwuwa sai da gungume da sandunan bugu, waɗanda masassaƙa ke yi. Su ne kuma ke sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da allo da ƙotar fartanya.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, sai noman rani ya bunƙasa, shinkafa da alkama da tumatir da albasa suka yalwata. Wannan babban alheri ne. Amma sa'ad da ake baje ƙasa don ruwa ya gudana, an tumɓuke itatuwa da yawa na cikin gonaki. Ga jama'a ta ƙaru, kowa na bukatar itacen girki da gawayi. Har wa yau kayan roba sun ture akushi, injin niƙa da na casa sun rage cinikin turmi. Saboda haka masassaƙi ya shiga tsaka mai wuya: itace ya yi wuyar samu, masu saye sun ragu.

Turmi guda sai an kayar da ƙirya sukutum, wadda ta yi shekaru aru-aru tana girma. Amma 'ya'yan shaɗaranji gaba ɗaya ba su cin abin da ya fi sanda mai kaurin inci 2, mai tsawon ƙafa 10. A nan mai saye gwaninta yake biya, ba yawan itace ba. Irin wannan sana'a ce ta dace da ƙasar da itatuwanta suka ƙaranta.

2. KO MECE CE SHAƊARANJI?

Darar da muka sani galibi gurabe 30 gare ta, kowane mutum da 'ya'ya 12, da tsinke ko tsakuwa ake yi. Shaɗaranji kuwa, wadda 'yan makaranta ke kira ces, gidaje 64 gare ta da 'ya'ya 32, watau 16 ga kowane ɓangare. Asalinta daga ƙasar Indiya ne wajen ƙarni na 6, ta biyo ta ƙasar Farisa, Larabawa suka karɓa, daga gare su ta shiga Turai. Ba baƙuwa ba ce ƙwarai a Arewa, gama manyan Barno sun san irin tasu da ake kira tsatsarandi, har wani Bature mai suna Meek ya rubuta bayaninta cikin 1934.

Siffar 'ya'yan da duniya ke bi yanzu ita ce wadda kamfanin Jaques na birnin Landan ya fara sayarwa cikin 1849, aka sa mata sunan gwanin wasan nan Staunton. Hukumar wasan ta duniya, wadda aka kafa a Faris cikin 1924, ta tsai da awon tsayinsu kamar haka:

Sarki, guda 1: santimita 9 da rabi.
Sarauniya, wadda Larabawa ke ce wa waziri, guda 1: santimita 8 da rabi.
Giwa, guda 2: santimita 7.
Doki, guda 2: santimita 6.
Hasumiya, guda 2: santimita 5 da rabi.
Dakaru, guda 8: santimita 5.

Faɗin gindin kowanne bai kamata ya wuce rabin tsayinsa ba. Cikin 32 ɗin nan, 28 a kan inji ake yinsu. Dawaki 4 ne kaɗai ake sassaƙa kawunansu da hannu. Wanda yake ƙin yin surar abu mai rai yana iya barin dokin ba ido ba baki, kamar yadda masu sana'a na ƙasashen Musulmi suka yi tun da. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan hukuncin wasan kansa, sai kowa ya tambayi malaminsa. Amma babu saɓani a kan haramcin caca.

3. YADDA INJIN YAKE

Bambancin sassaƙa ta gargajiya da ta injin juyi ɗaya ne tak. Masassaƙi yakan ajiye itace ya riƙa saransa da gizago. A injin juyi kuwa itacen ne ke juyawa tsakanin tsinin ƙarfe biyu, mai aiki ya ɗora kurfi a kan madogara, ya matsa bakinsa a hankali, itacen ya yi ta feraye kansa. Tun da yake kowane gefe yana wucewa ta bakin kurfi guda, tilas abin ya fito a mulmule, daidai wa daida.

Injin iri uku ne. Akwai na baka da tsirkiya: a naɗa tsirkiya jikin itacen, a riƙa jan bakan gaba da baya da hannu ɗaya. Da irinsa masu sana'a na Alƙahira suka yi tagogin katako masu ado, har yanzu kuma ana ganinsa a kasuwar Marrakush ta ƙasar Maroko, inda mai aiki kan taimaka wa kurfi da yatsun ƙafarsa. Akwai na taki da ƙafa, kamar keken ɗinki. Akwai kuma na lantarki, shi ya fi sauri, ya kuma fi tsada. Na baka ba ya bukatar wuta ko mai, kafinta da maƙeri na ƙauye suna iya haɗa shi. Da shi ya kamata almajirin sana'a ya fara.

4. ZAƁEN ITACE DA BUSAR DA SHI

Ana bukatar itace iri biyu, mai haske da mai duhu, mai tauri, marar rami ko gaɓa. Aduwa, wadda ake allo da ita, ta yi kyau ga ɓangaren fari. Maɗaci ko ƙirya ko zuciyar tsohuwar kanya sun dace da ɓangaren duhu. Darbejiya da mangwaro sun isa koyo, ga su kuwa ko'ina. Babu bukatar a kayar da itace saboda wannan aiki: reshen da aka datse, da wanda iska ta karya, da guntayen da kafintoci ke zubarwa sun wadatar. A kiyayi maɗobiya, gama an yi mata saran ɓarna don kaiwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta ƙayyade cinikinsu tun 2017.

Babban kuskuren masu koyo shi ne aiki da ɗanyen itace. Ɗanyen itace yana da daɗin feraya, amma da hunturu ya busa sai ya tsage ko ya karkace, wahala ta tashi a banza. Dalili kuwa, ruwa ya fi saurin fita ta bakin itace, bakin ya motse tun cikin bai bushe ba. Maganin haka shi ne a tsaga reshen biyu ta tsakiya, a shafe bakunan da kakin zuma ko fenti, a jera a inuwa bisa duwatsu inda iska ke ratsawa, nesa da gara. A riƙa ɗora guda a kan sikeli kowane wata. Ran da nauyinsa ya daina raguwa, to, ya bushe. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

5. YADDA AKE FITAR DA ƊAN DARA

Da fari a yanka itacen ya ɗara awon da ake so da kamar inci 1, a sami tsakiyar bakunansa biyu, a ɗaure shi a inji. Na biyu, a feraye kusurwoyin har ya zama kamar muciya. Na uku, a zana siffar ɗan darar a jikin kwali ko falle na kwano, a yanke ta, ta zama ma'auni. A kara ma'aunin, a sa alama da fensir yayin da itacen ke juyawa, a inda gindi da wuya da kai za su kasance. Na huɗu, a fara yanka daga wuri mai kauri zuwa siriri, kada a yi akasin haka, don kada itacen ya ɓantare. Na biyar, a goge da samfefa, a shafa kakin zuma, a murza da tsumma har ya yi sheƙi. Daga nan a yanke shi, a huda gindin, a cusa guntun ƙarfe don ya zauna daram, a liƙa ƙyalle ko fata a ƙasa.

Kada a cika gindin da dalma, ko da an ga na ƙasashen waje da ita. Dalma guba ce. Ba a manta da abin da ya faru a Zamfara cikin 2010 ba, inda gubarta ta kashe yara fiye da 400.

Jarrabawar mai koyo ita ce dakaru. Yin guda ɗaya mai kyau ba wuya, amma yin 16 da za a jera a kasa bambanta su, sai wanda ya riƙe awo. Wanda ya ci wannan jarrabawa zai iya ƙafafun kujera da na gado, da mariƙin hatimi, da mazari, da sandunan bugu. Ke nan 'ya'yan dara su ne allon wannan sana'a.

6. TSARE LAFIYA

Kada a kusanci inji mai juyawa da babbar riga ko rawani mai lilo, gama yana iya fizgar mutum. A sa tabarau mai kare ido, a rufe hanci saboda ƙura. A wasa kurfi kullum, don dakusasshe shi ke kufcewa. Kada a bar yaro shi kaɗai a kan injin lantarki.

7. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

(a) Malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta masassaƙa da kafintoci da maƙera na kowane ƙauye, da abin da kowa ke yi, da inda yake samo itace.

(b) Hakimi ya tara su da sarakunan sana'arsu, a zaɓi samari biyu ko uku masu natsuwa su fara koyo. Kada a tilasta wa kowa.

(c) Kada a ruɗi mutane da zancen riba. Masu sayen shaɗaranji ba su da yawa a ƙasar Kano, ga kuma na birnin Amritsar na Indiya da na roba a kasuwa. A fara tuntuɓar makarantu da masu sayar da kayan hannu a kasuwar Kurmi, a ji abin da suke so tukuna. Da kayan gida za a ci abinci kullum.

(d) Dagatai su ja kunnen jama'a kada a sare ɗanyen itace sai da izinin malamin daji. Wanda ya amfana da itace ya dasa wani a bakin gonarsa, nesa da ginin hanyar ruwa don kada saiwa ta fasa shi. Ruwa kuwa Allah ya hore shi a ƙasar nan, rani da damina.

TAMBAYOYI

1. Me ya bambanta aikin gizago da na injin juyi?
2. Don me ake shafe bakin itace kafin a shanya shi?
3. Masassaƙa nawa ne a gundumarka, kuma wane itace suka fi nema su rasa?

Malamai su rubuta amsar ta uku su miƙa wa hakimansu. Da ita za a san inda ya kamata a fara. Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, amin.