Marga ba ta mutu ba, hutu take yi

Wani malamin makaranta daga Ka'oje ya aiko da tambaya. Margar da ya dasa a tsakar gida shekara 3 da suka wuce ta kakkaɓe ganyenta tun shigowar hunturu, yana ta ɗura mata ruwa safe da yamma, shiru. Ko ya sare ta?

Malam, ajiye gatarin. Sa farce ka ɗan kankare ɓawon ƙaramin reshe. In ka ga kore da danshi a ƙarƙashi, da ranta. Zubar da ganye dabararta ce ta tsimin ruwa. Ganye ne ƙofar da ruwa ke fita, iskar hunturu kuwa ba ta bar wa kowa danshi, har leɓenka. Ka jira wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke korar mutane zuwa inuwa. A lokacin ne marga ke sako furanninta ruwan ɗorawa, zangarniya-zangarniya suna reto, kamar yadda take yi a dazukan da ke tsakanin Ka'oje da Segbana ta ƙasar Benin ba tare da kowa ya ba ta ko moɗa ɗaya ba.

Ruwan nan da kake tuttula mata shi ne abin tsoro, musamman a ƙasar laka irin ta fadamun Illo da Lolo, inda ruwa ke kwanciya ya ruɓar da saiwa. Itaciya mai shekara 3, bokiti biyu a mako sun ishe ta. Ka baza ɓuntun shinkafa a gindinta, amma ka bar tazarar tafin hannu daga jikinta saboda gara. Kada ka yi mata sassabe yanzu, sai fure ya kaɗe.

In kana son ƙari, ɓare dogon ɗanta in ya bushe, ka ware irin da ƙwaro bai huda ba. Ɓawonsa tauri gare shi, don haka zuba masa ruwan zafi ya kwana a ciki, ka raina a leda, ka dasa in damina ta zauna, nesa da katanga. Ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Maƙwabta kuma za su zo roƙon saiwa don magani. Wannan, Malam, ka ba su haƙuri.