Amsar Tambaya: Dakan Dutsen Zinare a Tsakar Gida

Tambaya: Malam, maigidana yakan kawo dutsen zinare a daka a gida, yara na wasa a wurin. Akwai illa? Daga wata uwa a Anka.

Amsa: 'Yar'uwa, akwai, babba kuwa. Dutsen yankinku yana ɗauke da dalma, ƙurarsa kuma guba ce. A 2010 gubar nan ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Ƙananan yara ta fi kamawa, domin suna rarrafe a ƙasa, hannu kullum a baki.

Ki lallaɓa maigida ya kwashe aikin daga gidan kwata-kwata. Takunkumi a hancinsa ba zai kare yaron da ke wasa a ƙasa ba. A wurin aikin ma, a riƙa jiƙa dutsen kafin niƙa don kada ƙura ta tashi. In ya tashi daga aiki, ya yi wanka ya sauya kaya tun a can.

Turmin da ya taɓa dutsen, kada ya sake ganin hatsi. Ki kai yaran asibiti a auna jininsu ko da lafiyarsu ƙalau, kada ki jira amai ko jijjiga.