YADDA AKE ƊAURE ƘWARON ƘARYA DON KAMUN KIFI

Daga wani ɗan aji biyu, wakilin shafin ilimi

Darasin da na kawo muku a wannan fitowa ya shafi ƙugiya da zare da gashin zabo. Wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe, kuma don Allah kada a yage takardar, a bar wa na baya su ma su karanta.

Abin da ya jawo wannan rubutu

Gidanmu a Kibiya yake, amma a nan Rano nake karatu a wajen kakata. Ina da kawu masunci a wajen Rurum, yana su a madatsar ruwa ta Tiga. An gina wannan madatsa a kan kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ruwanta ne yake bi ta Ruwan Kanya ya tafi gonakin rani na Kadawa da Kura. Idan an yi hutu nakan je wurin Kawu. Shi yana harkar koma da kwale-kwale, mu yara kuma muna fatsa a bakin ruwa.

Babbar wahalarmu ita ce tana. Da damina ko'ina ka tona za ka samu. Da rani kuwa ƙasa ta bushe, tana ta nutse can ƙasa, sai ka sha tono tun hantsi kafin ka sami 'yar kaɗan, ita ma kafin la'asar ta mutu a gwangwani.

Wata rana da yamma, bayan ruwan farko, shinge ya fito yana faɗawa kan ruwa. Sai na ga kawara suna tasowa suna cafke shi ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Kawu, tunda haka suke son shinge, me ya sa ba ma sa shi a ƙugiya?" Ya ce, "Ɗana, shinge ba ya zama a ƙugiya, jifa ɗaya ya zame. Kuma kwana nawa yake yi a shekara?" Da na ba yayana labari, sai ya nuna mini a wayarsa yadda mutanen wasu ƙasashe suke ɗaure gashin tsuntsu a jikin ƙugiya ya zama kamar ƙwaro. Turawa a harshensu ƙuda suke ce masa. Ni na sa masa suna ƙwaron ƙarya.

Daga ina wannan dabara ta fito?

Malaminmu na kimiyya ya taimaka mini da tarihinta. Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani marubuci ɗan Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan Makidoniya. Ya ce suna naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashi biyu na wuyan zakara, su jefa a kogi kifi ya kama. Ke nan dabarar ta kai shekara 1,800. A Ingila an buga wani littafin su a 1496 wanda ya bayyana ƙwari iri goma sha biyu da watan da ake amfani da kowanne. A Japan ma masuntan kan duwatsu suna da tasu mai suna tenkara: doguwar gora, da zare, da ƙwaro ɗaya, shi ke nan. Wannan ita ta fi kama da fatsarmu.

A yau a ƙasar Kenya akwai mutane da yawa, maza da mata, da wannan ɗauri ne sana'arsu. Da hannu suke yi, ana kaiwa Turai da Amurka ana sayarwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, cikin gashin da masu wannan sana'a suke saye da kuɗi har da gashin zabo, wanda mu nan muke sharewa da tsintsiya mu zubar a bola.

Me ya sa kifi yake ruɗuwa?

A darasin kimiyya an koya mana cewa ƙwaro yana da sassa uku, kai da ƙirji da ciki, da ƙafa shida. Kifi ba ya tsayawa ƙirga ƙafafu. Daga ƙasa yake hango abu, abin da yake lura da shi kuwa shi ne girmansa, da siffarsa, da launinsa, da motsinsa. Idan waɗannan huɗun sun yi kama da abin da ya saba ci, sai ya kai cafka. Silin gashin tsuntsu yana da laushi, idan ya jiƙe yakan buɗe ya rufe kamar ƙafafun ƙwaron da yake neman tsira.

Amma ba kowane kifi ake ruɗa da haka ba. Tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, da gashin bakinta take shinshino abinci, don haka ba kasafai take kula abin da ba shi da ƙanshi ba. Kawara da ido take farauta a saman ruwa, ita ce ta fi saurin faɗawa. Karfasa ma takan taɓa idan ƙwaron ƙarami ne.

Ƙwaron iri biyu ne. Akwai mai zama a saman ruwa, akwai mai nutsewa kaɗan. Mai zama a sama ana shafa masa ɗan basilin don kada ya jiƙe. Saman ruwa yana da wata irin fata marar kauri wadda take iya ɗaukar abu marar nauyi, shi ya sa ake ganin ƙananan ƙwari suna tafiya a kan ruwa ba sa nutsewa. Wanda zan koyar a nan mai nutsewa ne, don ya fi sauƙi ga ɗan koyo.

Kayan aiki

1. Ƙaramar ƙugiya mai ido, irin ta kamun karfasa.
2. Zaren ɗinki mai ƙarfi, baƙi ko ruwan ƙasa. Tela zai iya ba ka ragowa.
3. Ulu ko zaren ɗinkin hula, tsawon tafin hannu.
4. Ƙaramin gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, na ƙirji ko na gefen jiki. Na fiffike ya yi tauri.
5. Almakashi ko reza.
6. Filaya da robar ɗaure kuɗi.
7. Ɗigon gam mai kamawa nan take.

Yadda ake ɗaurewa

Mataki na ɗaya: Ka sa lanƙwasar ƙugiya a bakin filaya, tsininta ya ɓuya a ciki, ka naɗe hannun filayar da roba ta riƙe gam. Ka danne filayar da dutse a kan benci, ko abokinka ya riƙe maka, don hannu biyu aikin yake so.

Mataki na biyu: Ka ɗora zare a bayan idon ƙugiya, ka naɗa shi a kan kansa sau biyar ko shida har ya kama. Ka ci gaba da naɗi, kowane zagaye yana manne da ɗan'uwansa, har inda ƙugiya ta fara lanƙwasa. Wannan shi ne harsashi. Idan babu shi duk abin da ka ɗora zai riƙa juyawa.

Mataki na uku: A nan wajen lanƙwasa ka ɗaure bakin ulu da zagaye uku, ka mayar da zaren gaba kusa da ido. Sai ka naɗa ulun zuwa gaba, siriri a baya, yana ƙara kauri a gaba, kamar cikin shinge. Ka tsaya kafin ka kai ido, ka bar wuri kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ka danne ulun da zare, ka yanke ragowar.

Mataki na huɗu: Ka ɗauki gashin zabo ka cire lallausan ɓangaren gindinsa. Ka riƙe tsininsa, ka shafe silin zuwa baya, ka ɗaure tsinin a wurin nan da ka bari. Yanzu ka kama gindin gashin ka zagaya ƙugiya da shi sau biyu, kana shafe silin baya da yatsa. Za ka ga sun baje kamar lema. Su ne ƙafafu. Ka danne da zare, ka yanke ragowar.

Mataki na biyar: Ka naɗa zare sau bakwai ko takwas a gaban gashin ya yi ɗan dunƙule, shi ne kai. Ka yi zarge da zaren, ka zura ta kan ido, ka ja. Ka maimaita sau uku, ka yanke, ka ɗiga gam kaɗan da tsinken tsintsiya. Ka kula kada gam ya toshe ido, in ya toshe ba inda zaren fatsa zai shiga.

Kurakuran da na yi

Na farko da na ɗaure ya yi kama da tsintsiyar laushi, don na zuba masa gashi har uku. Da Kawu ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wannan ai sai dai ya kori kifi. Kifin Tiga ba wawa ba ne." Na biyu ya warware a jifa ta uku saboda ban yi zarge ba. A na huɗu ban ɓoye tsini a filaya ba, ƙugiya ta shige mini babban yatsa, sai da aka kai ni asibiti aka cire aka yi mini allura. Kwana uku ban iya riƙe biro sosai ba.

Akwai kuma laifin da na yi a gida. Na kama zabuwar Inna da ranta na fige mata gashi, ta yi ta kururuwa har maƙwabta suka leƙo. Inna ta ce, "Kai da kake neman halal a ruwa, sai ka fara da zalunci a tudu?" Tun daga ranar sai dai in tsinci wanda ya zuba a inda zabi suke kwana, ko in jira ranar da aka yanka. Kada wani ya ɗauki gwafa ya hau harbin tsuntsaye saboda wannan darasi. Malaminmu ya ce a 2009 wani saurayi ya fasa gidan tarihi a garin Tring na Ingila, ya sace fatun tsuntsaye 299 saboda gashinsu na ɗaure ƙwari, aka kama shi aka kai shi kotu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai da na koma na kama shinge ɗaya na ajiye a gabana, na dube shi da kyau, sannan na gane cewa duk nawa sun fi shi girma ninki biyu. Na tara da na ɗaure shi ne ya yi daidai.

Yadda ake jefawa

Ƙwaron ba shi da nauyi, ba ya jefuwa kamar tana da darma. Ka nemi gora siririya mai tsawon mita uku, ka ɗaura mata zaren roba mai kusan tsawonta. Ka tsaya iska tana bayanka, ka lilo shi a hankali ya sauka ba fantsama. Ka bar shi ya ɗan nutse, sannan ka riƙa girgiza bakin gorar kaɗan-kaɗan. Da sassafe ko dab da magariba ya fi. Kada inuwarka ta faɗa kan ruwa. Da ka ji an taɓa ka ɗaga nan take, domin da kifi ya ji ba abinci ba ne zai tofar.

Ranar da na gwada na tara, na yi kusan awa ɗaya ba ko motsi. Dab da magariba na kama kawara biyu. Kawu ya karɓi ƙwaron ya juya shi a tafin hannunsa, bai ce komai ba. Washegari da safe ya ce, "Ɗana, ɗaura mini guda biyu in gani." Har yanzu ƙwaron nan yana cikin kwalin ashana a jakata, bai ruɓe ba, bai yi wari ba, ba ruwansa da rani ko damina.

Jan kunne

Kada kowa ya je bakin dam ko babbar hanyar ruwa shi kaɗai, sai da babba. Gefen hanyar ruwan siminti ne mai santsi, ruwan kuma yana gudu, wanda ya zame da wuya ya fito. A guji shiga ruwan da yake kwance, don a nan ake ɗaukar tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa a gida a kai shi asibiti, akwai magani. Kuma ba a gudu daga makaranta don fatsa, ga Asabar ga Lahadi ga hutu.

Abu na ƙarshe ya fi duka muhimmanci. Kawu yana kukan cewa kifi yana raguwa saboda masu zuba guba a ruwa da masu tace shi da gidan sauro, suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abin fashewa. Mai ƙugiya ɗaya-ɗaya yake kamawa, kuma yana ganin abin da ya kama. Idan ƙarami ne, ka jiƙa hannunka, ka zare ƙugiyar a hankali, ka mayar da shi. Baɗi za ka same shi ya girma.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama ginin madatsar Tiga?
2. Faɗi abubuwa huɗu da kifi yake lura da su.
3. Me ya sa tarwaɗa ba ta cika kula ƙwaron ƙarya ba?

A rubuta amsa a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Wanda ya fara cinyewa zan ba shi ƙwaro ɗaya kyauta. Na manna samfuri a ƙasan wannan takarda, na karya tsininsa, a duba da ido kawai. Masu son koyo su zo da ƙugiyarsu da gashin zabonsu ranar taron ƙungiya bayan an tashi, ni zan zo da zare da filaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.