Rumbun Zamani: Bunƙasar Adana Bayanai da Sadarwa ta Hanyar Manhaja

1.0 Gabatarwa

Bagobiri ya san darajar rumbu, domin a cikinsa ake killace gero da dawa har kaka ta zagayo. Bankuna da ma'aikatu da makarantu su ma suna da nasu rumbunan, sai dai abin da suke zubawa a ciki bayanai ne, kamar lissafin kuɗi da sakamakon jarrabawa. Wannan darasi zai duba yadda kasuwar waɗannan rumbuna ta bunƙasa, da yadda lamarin ya shafi malami a ƙasar Gobir.

2.0 Yadda Tsarin Yake

A da, kowace na'urar sadarwa ita ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi, kuma sai injiniya ya saita su ɗaya bayan ɗaya. A sabon tsari an miƙa wannan hukunci ga manhaja guda, na'urorin kuwa isar da saƙo kawai ne aikinsu. Haka ma wajen adana, manhaja ke haɗa faya-fayai masu yawa su zama rumbu ɗaya, tana ajiye kwafi a wurare daban-daban don kada lalacewar faifai guda ta jawo asara.

3.0 Bunƙasar Kasuwa

Wannan tunani ya kankama a Jami'ar Stanford ta Amurka wajajen 2008. Kamfanoni sun rungume shi saboda sauƙin kuɗi da saurin gyara, har a 2012 kamfanin VMware ya sayi Nicira a kan dala biliyan 1.26. A Nijeriya, gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006 don haɗa ma'aikatunta. A 2010 kamfanin MainOne ya shimfiɗo wayar ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas, sannan a 2022 Equinix ya saye shi a kan dala miliyan 320.

4.0 Darasi daga Sabon Birni da Isa

A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, domin yaƙi da 'yan bindiga. Tura kuɗi ta waya ya tsaya, duk abin da ke ajiye a intanet ya gagari mai shi. Ke nan rumbu mai nisa ba ya amfani in hanya ta toshe. Amma kuma rajistar takarda tana iya salwanta idan gari ya watse, yaro ya rasa shaidar karatunsa. Saboda haka ya wajaba malami ya riƙe kwafi biyu, ɗaya a hannu, ɗaya a nesa, tare da tsare sirrin ɗalibai kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambance tsohon tsarin sadarwa da sabo.
2. Me ya sa kwafi ɗaya bai wadatar da makaranta ba?
3. Shin kalmar “rumbu” ta dace da wannan sabuwar ma'ana? Tattauna.