Yadda Ake Shirya Tafiyar Ayari Daga Shinkafi Zuwa Malesiya

Mutanen Shinkafi ba baƙin tafiya ba ne. Kasuwarmu ta ranar Alhamis ta daɗe tana haɗa mu da fataken Nijar da na kudancin ƙasar nan, kuma tun da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929 yankin nan ya saba da shige da fice. Yanzu hankali ya fara karkata zuwa gabas mai nisa. Ɗan kasuwa na son ya ga inda ake saro hijabai da yadudduka, uba na son ya leƙa jami'ar da ɗansa yake karatu, manomi na son ya ga yadda ake girbe shinkafa sau biyu a shekara. Ga wanda bai taɓa fita ba, babu abin da ya fi a haɗa ayari a ɗauki ɗan rakiya wanda ya san ƙasa. Sai dai tafiyar ayari amana ce: kuskuren mutum ɗaya yana iya jawo wa kowa. Ga matakan da ya kamata a bi, ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 1: Ku tsayar da manufa

Kafin a yi maganar kuɗi, a zauna a amsa tambaya ɗaya: me za mu je yi? Saro kaya, neman ilimi, ko buɗe ido? Amsar ita za ta nuna garuruwan da za a je da kwanakin da za a yi. Ayarin mutum 10 zuwa 15 ya fi daɗin riƙewa, mota ɗaya ta ishe shi a Malesiya, kuma kwana bakwai ko takwas sun wadatar. Kada a ɗauki wanda ba a san asalinsa ba. Kowane matafiyi ya zama yana da wanda zai tsaya masa a gari, ko mai unguwa, ko limami, ko shugaban 'yan kasuwa.

Mataki na 2: Ku naɗa madugu

Sunna ta koyar da cewa ko mutum uku ne suka kama hanya su naɗa shugaba. Kakanninmu da ke zuwa Gwanja saro goro ma ba sa tashi sai da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai tattara kuɗin fito, da malamin ayari mai riƙe da rubutu. Ku ɗauki wannan tsari. Madugu ya zama mai haƙuri wanda ake jin maganarsa. Ma'aji ya zama wani mutum daban, kada kuɗi da shugabanci su haɗu a hannu ɗaya. A samu mai jin Turanci sosai ya riƙe takardu, domin ana jin Turanci a biranen Malesiya. Idan da mata a tafiyar, a zaɓi dattijuwa ɗaya ta zama uwar ayari.

Mataki na 3: Ku haɗa takardu da wuri

A fara wannan aiki aƙalla wata uku kafin ranar tashi.

Na farko, fasfo. Ana nema a ofishin hukumar shige da fice da ke Gusau, kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa. A tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo daidai a kowace takarda, don harafi ɗaya kan tsayar da mutum. Mai tsohon fasfo ya duba: dole ya zama da sauran wata shida ko fiye a ranar da zai shiga Malesiya.

Na biyu, katin rigakafin zazzaɓin shawara. Jami'an lafiya na filayen jiragen sama, kamar na Malam Aminu Kano, su ke yin allurar su ba da katin. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura. Kada kowa ya sayi kati ba tare da an yi masa allura ba.

Na uku, takardar wankewa daga hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Malesiya na cikin ƙasashen da ake neman wannan takarda kafin ba ɗan Najeriya biza, haka ma Tailan da Indonesiya.

Na huɗu, biza. Ofishin jakadancin Malesiya yana Abuja. Sharuɗɗa kan sauya, saboda haka madugu ya nemi bayani daga ofishin da kansa, kada ya tsaya ga abin da ɗan kamasho ya faɗa. A tanadi bayanan asusun banki, da shaidar masauki, da shaidar tikitin zuwa da dawowa.

Mataki na 4: Ku tantance kamfanin tafiya

Nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Kamfanin da za ku ba amana ya nuna rajistarsa ta hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, da shaidar zama ɗan ƙungiyar NANTA ta masu shirya tafiye-tafiye, kuma ya zama yana da ofishin da mutum zai taka ya je, a Gusau ne, ko Sakkwato, ko Kano. Ku nemi wasu da suka taɓa tafiya ta hannunsa ku ji ta bakinsu. Ku tambayi sunan kamfanin da zai karɓe ku a Kuala Lumpur. Dokar Malesiya ta wajabta wa ɗan rakiyar baƙi ya mallaki lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido, kuna da haƙƙin ganinsa.

Daga nan sai yarjejeniya a rubuce, da shaidu. Ta ƙunshi sunan otal da adadin mutanen kowane ɗaki, abinci sau nawa a rana, motar zirga-zirga, kuɗin shiga wuraren ziyara, nauyin kayan da jirgi ya yarda da shi, da abin da za a mayar wa wanda aka hana biza. A rubuta wanda zai biya harajin baƙi na ringit 10 da otal ke karɓa a kan kowane ɗaki a kowane dare. A biya kuɗi kashi-kashi ta asusun kamfani, kada a tura asusun wani mutum, kuma kashin ƙarshe sai biza ta fito.

Mataki na 5: Ku zaɓi lokaci da hanya

Ga manomi, bayan kaka ya fi dacewa. Malesiya ƙasa ce mai zafi da gumi duk shekara, ruwa kuma kan sauka ko da yaushe, musamman da yamma. Daga Nuwamba zuwa Maris gaɓar tekun gabas tana shan ruwa da ambaliya, don haka a wannan lokaci a tsaya a ɓangaren yamma, inda Kuala Lumpur da Malaka suke. A kauce wa makon ƙaramar Sallah da na sabuwar shekarar Sinawa, shaguna da yawa suna rufe.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya. Daga Kano ko Abuja ana yada zango a Adis Ababa ko Doha, daga Abuja kuma akwai hanyar Istanbul. Da jiran canjin jirgi, tafiyar kan cinye yini da kwana.

Zangon da ya fi buƙatar hattara shi ne na gida. Kowa ya san halin da hanyar Shinkafi zuwa Kaura Namoda zuwa Gusau take ciki saboda 'yan bindiga. A tashi da hantsi bayan an ji labarin hanya daga direbobin tasha da jami'an tsaro, kada a yi tafiyar yamma. Kada a yayata ranar tashi, kada a sa hoto a Facebook ko WhatsApp sai an dawo. A rarrabu a motoci daban-daban a haɗu a Gusau, kuma a isa Kano kwana biyu kafin tashin jirgi. Canjin kuɗi a bari sai an isa Kano.

Mataki na 6: Ku tace kaya

Wannan mataki maganar rai ce. Safarar miyagun ƙwayoyi a Malesiya laifi ne da kotu ke iya yanke wa mutum hukuncin kisa a kansa. A 2023 an ba alƙalai damar zaɓar ɗauri mai tsawo a madadinsa, amma hukuncin kisan yana nan a doka. Don haka kada wanda ya karɓi saƙon wani, ko na ɗan'uwa ne, sai an buɗe an gani a gaban madugu. Kowa ya ɗaure jakarsa da hannunsa, ya riƙe takardar shaidar awonta.

Mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga ya tafi da shi a kwalinsa, tare da takardar likita. Garin magani na gargajiya da ba shi da suna a jiki a bar shi a gida. Kilishi da irin shuka ma haka, domin jami'an Malesiya suna sa ido sosai a kan nama da tsirrai. Wanda ke ɗauke da kuɗin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan, nan da can. A ɗauki tufafi marasa nauyi, da lema, da takalmi mai sauƙin cirewa. Soket ɗin lantarkinsu irin namu ne mai baki uku.

Mataki na 7: Sauka da sabawa

Cikin kwana uku kafin isa, kowane matafiyi zai cike katin shiga ƙasa ta intanet, wanda suke kira MDAC. Mai riƙe da takardu ya cike wa kowa tun a Kano. A filin jirgin Kuala Lumpur da ke Sepang, jami'i zai iya tambayar masauki da ranar komawa. A amsa gaskiya a taƙaice, a duba kwanakin da aka buga a fasfo.

Agogonsu yana gaba da namu da awa bakwai, saboda haka ranar farko ta hutu ce. A sayi layin waya, kowa ya sa katin otal a aljihu. Lambar neman agaji ita ce 999. Motocinsu ta hagu suke bi, mai tsallaka titi ya fara duba dama.

Alƙibla a can tana yamma, ta ɗan karkata arewa, kuma yawancin ɗakunan otal suna da kibiya a rufi mai nuna ta. Azahar kan shiga bayan ƙarfe ɗaya, Magariba bayan bakwai. Akwai ɗakin sallah da suke kira surau a kasuwanni da tashoshi da wuraren hutawa na manyan hanyoyi. Mazhabar Shafi'i suke bi: liman zai bayyana Bismilla, ya yi ƙunutin Asuba bayan ruku'u. A bi shi, kada a tsaya gardama.

Yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, amma akwai Sinawa da Indiyawa masu yawa, don haka a duba tambarin halal na hukumar JAKIM kafin a zauna cin abinci. Abincinsu ba zai ba Bahaushe wahala ba: akwai nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da ruwan kwakwa, da satay, wato tsiren kaza ko na sa da miyar gyaɗa, da roti canai da shayin madara na karin kumallo.

Mataki na 8: Ku tsara kwanakin ziyara

Rana ta biyu a zaga Kuala Lumpur: Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 1965, da gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa da shi, da tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452.

Rana ta uku a je Putrajaya, mazaunin ma'aikatun gwamnati, a yi sallah a Masallacin Putra. Da yamma a leƙa Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, wadda aka kafa a 1983, inda 'yan Najeriya da dama suka yi karatu. Irin wannan ziyara sai an rubuta takardar neman izini tun daga gida.

Rana ta huɗu ta Malaka ce, tafiyar kusan awa biyu. Tsohuwar daular Musulunci ce da ta shahara da kasuwanci a ƙarni na 15. Turawan Fotugal sun ci ta a 1511, na Holan suka karɓe a 1641, daga baya ta koma hannun Ingila har zuwa 'yancin kai a 1957.

Rana ta biyar ta manoma ce. A Sekinchan, arewa maso yamma da babban birni, ana girbin shinkafa wajen tsakiyar shekara da kuma ƙarshenta. A lura da magudanan ruwa, da injinan dashe da girbi, da yadda masana'antar casa take a bakin gona. Mai noman fadama ya shiga da littafi da biro, ya yi ta tambaya.

Sauran kwanaki na kasuwa ne: titin Tuanku Abdul Rahman da na Masjid India don hijabai da yadudduka, kasuwar Kenanga don sarin tufafi, ta Low Yat don wayoyi da kwamfuta. A taya, a karɓi rasit. Idan da sarari, a nemi ziyartar hukumar Tabung Haji, asusun adashen aikin Hajji da suka kafa a 1963. Irinsa ne hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ta ƙaddamar a Kano a 2020.

Kamfanoni kan sa kogon Batu da tsaunin Genting a jadawali. Na farko wurin bautar mabiya addinin Hindu ne, na biyu kuma akwai gidan caca a cikinsa. Ayari ya yanke shawara a kansu tun kafin a sa hannu a yarjejeniya.

Mataki na 9: Ku riƙe ladabin ayari har gida

Lokacin tashin mota ba ya jiran kowa. A ƙirga mutane a duk shiga da fita. Kada wanda ya fita shi kaɗai, kada a ɗauki hoton mutane sai da izininsu, a cire takalmi a ƙofar gida, a rage ɗaga murya a jirgin ƙasa. Akwai taragun mata zalla, maza su kiyaye. Ma'aji ya karanta lissafi kowane dare.

Bizar ziyara ba ta aiki ba ce. Wanda ya zarce kwanakinsa yana fuskantar tara mai nauyi ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, sannan a koro shi. Ya kuma toshe hanya ga duk ɗan Zamfara da zai nemi biza bayansa. Idan an dawo, a tara waɗanda suka tsaya wa matafiya, a ba da lissafin kuɗi, a faɗi abin da aka koyo a gona da kasuwa da makaranta.

'Yan'uwa, kada ku biya ko sisi sai kun ga yarjejeniya a rubuce, kada ku ɗauki jakar da ba ku ga cikinta ba, kuma adadin da ya tashi daga Shinkafi shi ne zai dawo Shinkafi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya ba yankinmu zaman lafiya.