Ƙwallon gilashi a cikin hoto

Wani lokaci mukan ga hoto mai ban mamaki a waya ko a bangon littafi. Ga ƙwallon gilashi bisa rairayi. A cikinsa ga itace, ga saniya, ƙafafunta sama, kanta ƙasa. Wasu hotunan da ƙwallo na gaske aka ɗauke su. Wasu kuwa da kwamfuta aka yi ƙwallon. Yau za mu koyi yadda ake yin sa. Amma kafin mu taɓa kwamfuta, sai mun san abin da haske yake yi in ya shiga gilashi. Wanda bai lura da wannan ba, faifai zai zana, ba ƙwallo ba.

Mu gwada

Gani ya kori ji. Ku samo kofin gilashi irin na shayi, ku cika shi da ruwa. Ku zana kibiya a takarda, bakinta yana duban dama. Ku riƙe takardar a bayan kofin, ku ja ta baya sannu sannu, kuna leƙawa ta cikin ruwan. Me kuka gani? Kibiya ta juya, tana duban hagu!

Ga dalili. A cikin iska haske yana cin kusan kilomita 300 000 a daƙiƙa guda. A cikin ruwa yana cin wajen 225 000, a cikin gilashi kuwa wajen 200 000. In ya shiga ruwa ko gilashi a karkace, sai ya lanƙwashe. Hasken da ya fito daga dama ya ƙetara hagu, na hagu ya ƙetara dama. Kofi yana juya dama da hagu kawai. Ƙwallo kuwa ta kowane gefe a kewaye yake, saboda haka yana juya har sama da ƙasa.

Masana sun daɗe suna aiki da wannan. Wajen shekara ta 1300, wani malamin ƙasar Farisa, Kamaluddin al-Farisi, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa, ya sa shi a ɗaki mai duhu, ya bar hasken rana kaɗan ya faɗa masa. Da haka ya bayyana yadda ɗigon ruwan sama yake yin bakan gizo. A 1853 kuma, wani Bature mai suna Campbell ya ƙera ma'aunin hasken rana da ƙwallon gilashi. Ƙwallon yana tara haske wuri guda, ya ƙona abin da aka sa a bayansa. Tsawon ƙunar shi ke nuna awa nawa rana ta haska.

Abubuwa huɗu da ido yake nema

Ku aza ƙaramin ƙwallon gilashi na wasa bisa farar takarda da hantsi, ku duba da kyau:

1. Abin da ke nesa a bayansa ya ƙanƙance, ya juye.
2. Bakin ƙwallon ya fi tsakiyarsa duhu.
3. Akwai ɗan farin tabo mai ƙyalli ta wajen da rana take.
4. Inuwarsa ba baƙa ƙirin ba ce, akwai haske a tsakiyarta.

Aiki a kwamfuta

Manhajojin gyaran hoto suna da yawa. Photoshop ta fito a 1990, da kuɗi ake samun ta. GIMP ta fito a 1996, ɗalibai biyu ne suka fara ta a Amurka, kuma kyauta ce. Dukansu suna aiki da shimfiɗa, wato kamar takardu masu shara-shara da aka jera, wata bisa wata. Kowane abu a tasa shimfiɗar, don in guda ya ɓaci kada sauran su ɓaci.

1. Ku buɗe hoto na ƙasarmu ta Kurfai: jar saniyar Azawak ta garken Tukunus, arewa da Filinge, ko gawo a cikin Dallol Boso.
2. Ku kwafi hoton a sabuwar shimfiɗa, ku rage girmansa.
3. Ku zaɓi da'ira a kansa, ku share abin da ke wajenta.
4. Ku juya da'irar digiri 180, sama ya koma ƙasa.
5. Ku sa mata tacin da ke kumbura hoto. Tsakiya za ta taso, gefe ya matse.
6. Da buroshi mai laushi ku ɗan duhunta bakin da'irar.
7. A wata shimfiɗa ku ɗiga farin tabo.
8. A ƙarƙashin ƙwallon ku zana inuwa, ku bar haske a tsakiyarta.
9. Ku dusashe hoton baya kaɗan, don ƙwallon ya fito sarai.

Ku kula da rana! In inuwar saniya ta faɗi yamma, rana tana gabas ke nan. To, farin tabo ya zauna gabas, inuwar ƙwallo ta bi ta saniya. In inuwa biyu suka saɓa, mai lura zai gane hoton haɗi ne. Ku ma ku riƙa duba inuwa a hotunan da ake aiko wa mutane a waya, domin ba duk abin da hoto ya nuna ne ya faru ba.

Gargaɗi

Kada ku dubi rana ta cikin gilashi, yana ɓata ido. Kada ku bar ƙwallon gilashi ko kwalba mai ruwa a rana kusa da zana, ko shibci, ko rumbu. Hasken da ya taru yana iya tada gobara.

Tambayoyi

1. Don me kibiya ta juya?
2. Me al-Farisi ya bayyana da ƙwallonsa?
3. Mene ne amfanin shimfiɗa?
4. Da la'asar, ina inuwa take faɗuwa?

Aikin gida

Wanda ba ya kusa da kwamfuta ya ɗauki fensir. Ku zana ƙwallo mai faɗin santimita 8, da rumbun gidanku a juye a cikinsa. Kada ku manta da abubuwan nan huɗu.