Nana Asma'u 'yar Shehu: Daga Ina Ta Fito?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa ɗalibai, bana a darasin tarihi mun bi salsalar Nana Asma'u, Allah Ya jiƙan ta. An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da Hassan, amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai kira ta Hussaina ba, sai ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar.

Danginta Torankawa ne. Riwaya ta ce kakansu Musa Jakolo ya taso daga Futa Toro, wajen Sanagal, ya zauna a ƙasar Ƙonni da ke Nijar a yau. Daga zuriyarsa aka sami Muhammadu Fodiyo, kuma "fodiyo" da Fillanci malami ke nan. Shi ya haifi Shehu a Maratta a 1754. Mahaifiyar Shehu sunanta Hauwa, kakarsa Rukayya, mahaifiyar Asma'u kuwa Maimuna. Kun ga gidan da ya riƙe sunayen matansa, bai bar su sun ɓace ba.

Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta Muhammadu Bello. Aure bai raba ta da allo ba, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

To, abin da ya fi kama mu shi ne 'Yan Taru. Ita ta gaji ilimi a gida, amma matan ƙauye fa, waɗanda ba uba malami, ba miji malami? Sai ta zaɓi dattijai mata, ana kiran kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci 'yan mata da tsofaffi su zo wurinta, su haddace waƙoƙin tauhidi da tsarki da salla, su koma su koyar a garuruwansu. Wallahi dabara ce, domin waƙa tana shiga har ɗakin wadda ba ta iya karatu ba. Da ta rasu a 1864 aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, tattaɓa-kunnenta ne.

Da muka gama, malam ya ce kowa ya lissafa kakanninsa. Mu 'yan Zongon Lome da yawa mun kai uku ko huɗu ta wajen maza, fatake daga Kano ko Katsina. Ta wajen mata kuwa sai muka yi tsit a kan ta biyu, alhali a hannun inna ko kaka wasunmu suka fara Fatiha. Yanzu an ba mu aikin hutu: kowa ya zauna da tsohuwar gidansu, ya rubuto sunan uwarta da garin da ta fito, da wanda ya koya mata karatu.